Motsa jiki da dattawa a filin firamare: mu ci gaba ko mu haƙura?

Sadiq:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Kamar yadda wasunku suka gani, sati 7 ke nan mu 'yan makaranta muke fitowa filin firamaren bayan masallacin Juma'a duk Asabar da Talata bayan sallar asuba, muna ɗan motsa jiki tare da wasu daga cikin dattawanmu. Mu shida ne, huɗu muna karatun gashin ƙashi a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), ɗaya aikin jinya yake karanta, ɗayan kuma ɓangaren wasanni. Da dattawa 4 muka fara, Asabar ɗin da ta wuce 19 na ƙirga. Abin da ya sa na kawo maganar nan, jiya bayan magariba wani babanmu ya ja ni gefe ya ce ana ta surutu a majalisa wai mun mai da iyayen mutane 'yan wasa, muna sa su ɗaga ƙafa a bainar jama'a yara na kallo. Wallahi maganar nan ta hana ni barci, don ni kakana ne ya sa na fara wannan abu, ina gani da idona mutumin da yake takawa daga Gwale har Kurmi ya dawo sai an kama shi ya tashi daga dakali. In da abin da muke yi ba daidai ba ku faɗa mana, ku ne manya.

Alhaji Bala Kwari:
Wa alaikumus salam. Sadiq ni na yi maganar a majalisa kuma ba zan ɓoye ba. Na fito zan tafi kasuwa sai na hangi yayan mahaifina, mutum mai shekara kusan 75, ya dafa bango yana ɗaga ƙafa ɗaya, yaro sa'an jikansa na tsaye yana masa ƙirge ɗaya biyu uku, ga almajirai sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallo. Raina bai min daɗi ba. Dattijo da mutuncinsa aka san shi. Na biyu kuma, ba yau aka fara ba. Shekara biyu da suka wuce wasu ɗalibai sun zo unguwar nan da fararen riguna suka auna jinin tsofaffi, suka cike takardu, suka ɗau hotuna, suka ce za su dawo da sakamako, har yau ko ƙeyarsu ba mu sake gani ba. Mahaifiyata sai da ta yi wata guda tana tambayata yaran nan sun dawo? Na uku, tsohon da bai karya da komai ba sai ruwan koko, wane motsa jiki za ka ce masa? A fara da cikinsa tukuna.

Auwalu mai adaidaita:
Alhaji ya faɗi gaskiya kan maganar hotuna. Amma fa yaran nan ban taɓa ganinsu da waya a hannu a filin ba, kullum ta nan nake wucewa in na fito da sassafe.

Malam Sani (tsohon malamin firamare):
Alhaji Bala, Allah ya yi maka albarka, kishin iyaye ne ya sa ka magana kuma na ji daɗi. Amma ka bari mu da abin ya shafa mu ce wani abu, don ina cikin huɗun farko. Shekarata 68. Shekara 35 ina koyarwa, kuma mafi yawansu a kan keke na yi su, Rale ce baƙa, in fita ta Ƙofar Gadon Ƙaya da safe in dawo da azahar, ban san wani abu wai shi ciwon gwiwa ba. Da na yi ritaya sai duniya ta dawo min taku arba'in, daga ɗaki zuwa soro, daga soro zuwa masallaci, a dawo a zauna a tabarma a saurari rediyo. 'Ya'ya kuma saboda ƙauna suka ƙarasa ni, Baba kar ka ɗauki buta, Baba zauna a kawo maka, Baba ga kuɗin adaidaita kar ka taka. Cikin shekara uku sai ga ni ina sallah a kan kujera. Ranar da na fara jan kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, ni da nake tsayawa bayan liman, sai da na yi hawaye, ban gaya wa kowa ba sai yau. To Alhaji wannan shi ne zubar mutuncin da na sani, ba dafa bango ba. Abin da yaran nan suka fara sa ni bai wuce in zauna a benci in miƙe ba tare da na dafa ba. Ranar farko sau uku na yi na ji cinyoyina na rawa kamar mazari. Yanzu ina yin 10. Jiya na yi sallar asuba da ruku'u da sujada a ƙasa, raka'a biyu cif, na tashi da kaina. Azahar da la'asar har yanzu ina komawa kujera a raka'o'in ƙarshe, amma ana tafiya.

Maman Walida:
Allahu akbar. Baba Malam wallahi ka sa ni ƙwalla. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Alhaji Bala Kwari:
Malam ai kai ka koyar da mu, ba zan ja da kai ba. Allah ya ƙara sauƙi. Amma maganar idon jama'a tana nan.

Sista Hauwa:
Slm. Ni ma'aikaciyar jinya ce shekara 16, bari in sa baki. Alhaji abin da ka gani na dafa bango a ɗaga ƙafa ɗaya, shi ne ma mafi muhimmanci a duk abin da suke yi, don shi ke koya wa jiki tsayuwa daidai kar a faɗi. Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Ƙashi na Dala ya san yadda ake kawo tsofaffi da karayar ƙugu, kuma in ka tambaya ba mota ba ce ba babur ba, santsin banɗaki ne ko dokin ƙofa ko gefen tabarma da ya naɗe. Tsoho in ya karye a ƙugu ya kwanta wata biyu, naman cinyarsa zubewa yake yi, ga gyambon kwanciya, ga ciwon ƙirji, da yawa ba sa komawa yadda suke. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato in ka yi tafiyar minti 30 kwana biyar ka cika mafi ƙaranci, sannan wanda ya kai 65 ya ƙara da atisayen tsayuwa daidai da ƙarfafa jiki kwana uku a sati. Matsakaici kuma ba gudu ba ne, tafiya ce da za ka ji numfashinka ya ɗan ɗaga amma kana iya hira da na kusa da kai. Abin da nake so in ji daga bakin Sadiq shi ne kuna auna jini kafin a fara? Don hawan jini ba ya sallama, mutum na yawo da 170 yana ce maka garau yake.

Sadiq:
Muna aunawa Anti. Na'ura ɗaya gare mu ta batir, karo-karo muka yi muka saya. Duk wanda muka samu 140/90 ko sama sau biyu a ranaku daban muna rubuta masa a takarda mu ce ya kai asibiti, ba ma ba da magani ba ma cewa a daina magani, mu ɗalibai ne. In kuma ya kai 180/110 ranar ba zai yi komai ba, zama zai yi ya huta mu sake aunawa mu kira ɗansa. Amma tunda an zo nan gara in faɗi kuskurenmu da bakina. Sati na uku wani babanmu mai ciwon suga ya sha maganinsa da asuba bai ci komai ba ya fito, muna zagaye na biyu sai na ga gumi na keto masa alhali da sanyi-sanyi, hannunsa na karkarwa, yana min magana ba ta fita sosai. Allah ya taimaka mai shayi ya buɗe, na ruga na karɓo shayi mai sukari aka ba shi, cikin minti goma ya dawo hayyacinsa. Laifinmu ne da ba mu tambaya ba. Tun ranar duk mai suga sai ya ci wani abu kafin ya fito, kuma kullum da dabino da sukari a jakata. To ka ga Alhaji maganarka ta ciki ma tana kan hanya.

Alhaji Bala Kwari:
To ka gani. Da abin ya zo da ƙarar kwana fa? Wa za a kama?

Sista Hauwa:
Shi ya sa bai kamata a bar su su kaɗai ba Alhaji, ba wai a hana su ba. Ni zan riƙa leƙowa duk Asabar ɗin da ba ni da aikin safe. Sadiq ku samu littafi guda, kowane dattijo da shafinsa, ciwon da yake da shi, maganin da yake sha, lambar ɗansa. Kuma ku haddace, ku koya wa su kansu dattawan: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti kai tsaye ba a tsaya shafa mai ko jiƙa wani abu ba. Ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya gagara, a tsaya nan take. Sannan hunturu na tafe, ranar da ƙura ta yi yawa masu asma da tari su zauna a gida ko a jira rana ta ɗan fito, in kuma watan Maris da Afrilu suka zo kar a wuce bakwai na safe a fili.

Maman Walida:
Ni dai tambayata ɗaya, iyayenmu mata fa? Duk wannan zancen na maza ne. Surukata tun da ta yi takaba shekara huɗu ke nan ba ta taka ƙofar gida ba sai asibiti ko gaisuwar mutuwa, daga gado sai tabarmar tsakar gida, kuma matar nan da bakinta take ba ni labarin da can kafin rana ta take ta yi surfe ta yi daka ta ja ruwa guga ashirin a rijiya. Yanzu inji ke niƙa, 'yan garuwa ke kawo ruwa, mu kuma in ta ɗau tsintsiya mu karɓe don kar a ce mun bar uwar miji na aiki. Ƙafafunta har kumbura suke yi saboda zama. Kuma kun san Hajiya ba za ta taɓa zuwa filin firamare ta ɗaga hannu maza na wucewa ba, ni ma ba zan so ba.

Zainab:
Anti Maman Walida kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ajinmu ɗaya da Sadiq, kuma ni a gida na fara da kakata, Inna. Da farko da na ce Inna zo mu yi motsa jiki kallon da ta yi min kaɗai ya ishe ni, ta ce ke kishiya ta ƙi ni da zaman lafiya, so kike ki karya ni ki gaje ɗakin. To daga nan na gane hanya. Na daina cewa motsa jiki. Sai in ce Inna ai na ji an ce ke ko gorar ruwa ba ki iya ɗagawa yanzu, mijin namu ni zai bar wa gidan. Sai ta ce kawo gorar ki gani. Na cika gorunan ruwa biyu na roba da yashi, tana zaune a kujera 'yar tsugune tana ɗagawa tana saukewa tana min gori, ni kuma ina ƙirgawa a zuci. Rannan na ɗauko taɓarya na miƙa mata ba turmi, na ce nuna min yadda kuke luguden, wallahi sai ga Inna ta miƙe tana kaɗa kafaɗa tana waƙar dakan da ban taɓa ji ba, maƙwabciyarmu tsohuwa ta leƙo ta katanga ta karɓa mata amshi. Yanzu su huɗu ne suke taruwa a tsakar gidanmu bayan la'asar. Abin da na lura da shi, babana ba zai iya ce wa Inna ɗaga ƙafa ba, kunya ba za ta bari ba, ita ma ba za ta yi a gabansa ba don shi ne ɗan fari ko sunansa ba ta faɗa. Amma ni jika ce, tsakanina da ita wasa ne tun ina zanen goyo. Ina ganin shi ya sa abin yake karɓar mu ɗalibai fiye da yadda zai karɓi 'ya'yansu, mu sa'o'in jikokinsu ne.

Malam Sani (tsohon malamin firamare):
Zainabu kin faɗi abin da na kasa faɗa. Da ɗana ne ya tsaya a kaina yana ƙirga min, da na kore shi. Amma wannan ja'irin Sadiq in ya ce Malam saura biyu ko amaryar taka ta fi ka ƙarfi ne, sai in yi dariya in ƙara uku. Alhaji Bala abin da ka hango daga bakin ƙofa kenan, ka ga ƙirgen ba ka ji wasan ba. Kuma bari in gaya maka, yayan mahaifin naka da kake magana, shi yake riga kowa zuwa. In an gama ba ya tafiya, zama muke a benci, yaran nan su zagaye mu, rannan shi ya ba su labarin yadda ake rini a Ƙofar Mata da yadda badala take kafin a cinye ta da gine-gine, har takwas ta yi ba su sani ba ɗaya ya makara lacca. Yaushe rabon da wani ya zauna ya tambaye shi labarin da? Tun rasuwar matarsa ban ga haƙoransa a waje ba sai a filin nan.

Alhaji Bala Kwari:
Wannan kuma ban sani ba Malam. Ni ina fita bakwai in dawo bayan isha, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Allah ya yafe mana.

Ustaz Nura:
Dangane da addini babu abin zargi a nan in an kiyaye sutura kuma maza daban mata daban. Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, kuma kowanne da alherinsa. Abin da Malam Sani ya faɗa na komawa sujada a ƙasa ya isa hujja. Shawarata ga iyaye mata, islamiyyar matan aure ta unguwa tana da fili a ciki kuma da ƙyaure, ana tashi sha biyu ranar Asabar da Lahadi, zan yi wa shugabar magana a ba su rabin awa kafin a fara karatu, su Zainab su jagoranta, ba namiji ko ɗaya.

Maman Walida:
Alhamdulillah, in dai islamiyya ce Hajiya za ta je, maigidan ma ba zai ce komai ba. Zainab ki turo min lambarki ta gefe.

Auwalu mai adaidaita:
Ni abin da zan ƙara, ba tsofaffi kaɗai ba wlh. Tun da aka hana acaɓa a 2013 muka cika gari, mutum daga Mandawari zuwa Sabon Titi sai ya tsayar da ni. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi mutane suka koma takawa dole, to amma wannan tafiyar takaici ce a cikin rana da hayaƙi. Ni kaina shekarata 41 wuni nake a zaune a kan inji bayana kamar zai ɓalle. In ba za a kore ni ba zan riƙa tsayawa minti ashirin kafin in fara lodi. Kuma duk dattijon da gidansa ya yi nisa da filin, irin na can ƙarshen layi, zan ɗauko shi kyauta in dawo da shi, don asuba akwai 'yan ƙwacen waya a lungunan nan bai kamata tsoho ya taho shi kaɗai ba.

Alhaji Bala Kwari:
To ni saura abu ɗaya, kuma shi ne babba a wurina. Ku ɗalibai ne. Gobe jarrabawa, jibi hutu, wani ya tafi bautar ƙasa. Ko an manta yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas kowa ya watse? Ranar da dattawan nan za su fito su tarar da fili wayam, ciwon da za su ji ya fi na gwiwa. Na ga yadda mahaifiyata ta yi jiran waɗancan. In kun san ba za ku ɗore ba gara kar ku saba musu.

Sadiq:
Wannan ita ce maganar da ni ma nake tsoro Alhaji, kuma ba zan yi maka alƙawarin da ba zan iya cikawa ba. Ni saura min shekara ɗaya da rabi. Huɗu daga cikinmu 'yan unguwar nan ne, ko an yi hutu muna nan, biyu ne 'yan wani gari. Abin da muka fara shi ne jawo 'yan ƙasa da mu aji, biyu sun zo satin jiya. Sannan muna koya wa su dattawan su jagoranci kansu, ranar Talatar da ta wuce Malam Sani ne ya ja zagayen da miƙe-miƙen gaba ɗaya muna gefe, kuma wallahi sun fi jin maganarsa a kan tamu. Abin da ba mu da shi benci ne, na makaranta muke ara mu mayar kafin yara su zo, sai batirin na'ura, sai kuma wani babba da zai tsaya mana a wurin mai unguwa da hedimasta don har yanzu da baki kawai aka ba mu filin.

Sista Hauwa:
Batir da littafi a kaina. Zan kuma zo da na'urar awon suga ranar Asabar, wanda yake so a auna shi kafin ya karya ya zo da abin karinsa a leda ya ci a wurin kafin a fara.

Alhaji Bala Kwari:
Benci nawa kuke buƙata? Ka je wurin kafintan bakin titi ka ce ya yi huɗu masu ƙarfi waɗanda ba sa rawa, ni zan biya. Mai unguwa kuma zan same shi bayan sallar Juma'a. Amma sharaɗina yana nan, a koma can ciki bayan azuzuwa inda ba a hangowa daga titi, a rufe ƙofar makaranta, kuma ba hoto ba bidiyo, kar in ga baffana a Facebook ko TikTok.

Sadiq:
Mun karɓa Alhaji, Allah ya saka da alheri. Bayan azuzuwan akwai ɗan rami da tarin ɓaraguzai, za mu je da shebur ranar Juma'a da yamma mu gyara kar wani ya yi tuntuɓe.

Malam Sani (tsohon malamin firamare):
Alhaji Bala kai ma shekararka 54 in ban manta ba, kuma na ga yadda kake dafa ƙofar mota in za ka fito. Shida saura kwata muke farawa, ka zo da takalmi mai rufi ba silifas ba.

Alhaji Bala Kwari:
To Malam. Talata akwai kaya da za a sauke min da sassafe, amma Asabar in sha Allahu zan biyo wa Baffa mu taho tare. Sista ki fara auna ni, rabona da awon jini tun kafin aikin Hajji.